Maƙala ɗaya, mujallu biyu?

Kana tambaya ko ka tura maƙalarka ta tarihin Hausawan Agege ga wata mujallar tunda ta farko ta yi wata 4 shiru. A'a Malam, kar ka soma. Yi wa edita imel ka ji inda aka kwana, in ka gaji sai ka janye ta a rubuce tukuna.

Wata 4 ba komai ba ne fa, masu duba maƙala kafin mujalla ta buga ta malaman jami'a ne kuma galibi kyauta suke yi, tawa sai da ta kwashe wata 9. Ga shi masana fannin 'yan kaɗan ne, wani abokina nan Legas ya tura wa biyu, ashe farfesa ɗaya aka kai wa, duka suka dawo masa da abarsa.