Yaya ake bin gasar darar ces?

Tambaya: Malam, na fara kallon manyan gasannin darar ces a intanet, amma ban gane yadda ake lissafin maki ba. Ina neman ƙarin haske. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, lissafin ba shi da wuya: nasara maki ɗaya ce, canjaras rabi, faɗuwa kuwa babu komai. Ɗauki misalin gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya da hukumar FIDE ta shirya a Toronto a watan Afrilun 2024, inda 'yan wasa takwas suka kara da juna sau bibbiyu, zagaye 14 ke nan. Gukesh na Indiya, yana ɗan shekara 17, ya gama da maki 9, mutum uku kuma suna bin sa da 8½. A zagayen ƙarshe biyu daga cikin ukun nan, Caruana da Nepomniachtchi, suka yi canjaras bayan doguwar fafatawa, alhali da ɗayansu ya ci, da ya kamo Gukesh.

Shawarata ita ce, idan kana kallo a Lichess, wato shafin darar ces na intanet, ka rufe ma'aunin kwamfutar da ke gefen allo mai nuna wanda ke da rinjaye a wasan, ka fara hasashen motsi na gaba da kanka kafin ɗan wasan ya yi nasa motsin.