Likitan kamfani namu ne ko na oga?

Tambaya: Salam likita. Dan Allah ina neman shawara. Ina aiki a wani kamfani da yake kwashe shara da kayan wanki daga asibitoci, toh satin da ya wuce aka manna mana takarda wai kowa sai ya yi allurar rigakafin ciwon hanta kuma dole a riƙa sa takunkumi duk lokacin aiki, wanda bai yi ba za a dakatar da shi. Matsalar ita ce likitan kamfani ne zai ɗebi jinin kuma shi zai yi allurar, mu kuma gaskiya bamu yarda da shi ba, akwai abokin aikinmu da ya je wajensa gwaji ba a yi wata ɗaya ba aka sallame shi. Yawancinmu sun ce ba za su yi ba. Shin likitan nan namu ne ko na oga? Kuma suna da ikon tilasta mana?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ni ɓangaren lafiyar ma'aikata nake, wato irin kujerar da likitan naku yake kai ni ma na zauna a kanta, don haka ba zan ce maka tsoronku shirme bane. Kamfani ne yake biyan likitan albashi, wannan kowa ya sani, kuma an taɓa yin abin da kuke tsoro. A Amurka cikin shekarun 1920 akwai 'yan mata masu shafa fenti mai radiyam, wani sinadari mai fitar da tiriri mai cutarwa, a fuskar agogo don ya riƙa haske da daddare, ana koya musu su lashi bakin burushin don ya yi tsini, haƙoransu suka fara zubewa muƙamuƙi na ruɓewa, amma ana ce musu fentin ba shi da illa. Haka a masana'antar asbestos, wani ma'adini da ake kayan gini da shi wanda ƙurarsa ke lalata huhu, daga baya takardu suka fito a kotu cewa an ɗauki hoton ƙirjin ma'aikata an ga huhu ya lalace aka ɓoye musu. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ban ga laifinku ba.

Amma irin waɗannan abubuwan ne suka sa aka kafa ƙa'idoji. Hukumar ƙwadago ta duniya ILO tana da yarjejeniya mai lamba 161 ta shekarar 1985, a ciki aka ce likitan wurin aiki dole ya zama mai cin gashin kansa a aikinsa, ba ya ƙarƙashin umarnin mai kamfani a kan abin da ya shafi lafiya, gwajin da za a yi wa ma'aikaci kyauta ne kuma ba a yanke masa albashi saboda shi, har ma aka ce ba a sa likita ya zama mai binciken dalilin da ya sa wane bai zo aiki ba. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, amma sirrin mara lafiya dai doka ce a aikin likita ko'ina. Abin da ya halatta ya fita daga ɗakinsa zuwa teburin manaja layi ɗaya ne: ya dace da aikin, ko bai dace ba, ko ya dace amma da sharaɗi, misali kar a sa shi dutin dare ko kar ya ɗaga kaya mai nauyi. Sunan cutar, sakamakon jini, maganin da kake sha, duk wannan a fayil ɗinka yake zama.

Na tuna wani wuri da na yi aiki, manaja ya shigo ofis ya ja kujera ya zauna, bayan gaisuwa sai ya rage murya yace likita wai me ke damun wane ne, naga ya rame. Fayil ɗin mutumin yana kan teburina a lokacin, sai na kife shi na ɗora tafin hannuna a kai nace masa abin da na rubuto maka shi ne kawai, ya dace da aiki. Ransa bai so ba, kusan wata bai min magana ba. Kaga matsin lambar gaskiya ce, kuma ba kowane likita ke iya tsayawa ba, musamman in shi ma kwantiragi yake kuma ana iya ƙin sabunta masa. Maganar abokin aikinku ba zan yanke hukunci ba tunda ban ji daga ɗaya ɓangaren ba, amma in har sakamakon gwaji ne ya zurare ya kai ga kora, wannan laifi ne da ake kai ƙara gaban hukumar da ke ba likitoci lasisi.

Inda nake so ku tsaya ku yi tunani shi ne kar ya zama haushin kaza huce kan dami. Likitan kuke zargi, amma allurar kuke shirin ƙi, alhali ku ne masu zura hannu cikin buhun zanen gado da leda mai sirinji a ciki, ba oga ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a busasshen jini tana nan da ranta. In allurar da aka yi wa mai cutar ta soke ka kuma ba ka da rigakafi, haɗarin kamuwa yana iya kai kashi 30 cikin 100 in ƙwayar ta yi yawa a jininsa, na HIV kuwa da kowa ya fi tsoro kusan 3 ne cikin 1000. Rigakafin ba yau aka fara shi ba, irin wanda ake amfani da shi yanzu tun 1986 yake, babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsa, sau 3 ake yi, yau, bayan wata 1, sai bayan wata 6 daga ta farko, kuma ga masu irin aikinku ana so a gwada jini wata 1 zuwa 2 bayan ta ƙarshe a ga ko jiki ya karɓa. Ciwon damtse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya biyu shi ne aka fi gani, ana sa mutum ya zauna kamar minti 15 bayan an yi saboda 'yan tsirarun da jikinsu ke bore.

Toh ga hanya mai sauƙi, tunda likitan ne ba ku so. Ku tambaya ko za a karɓi kati in kun je wani asibiti kun yi, yawancin wurare shaida kawai suke nema. Wanda yake jin tsoron ko yana da cutar tun da can, ya je ya yi gwajinsa a waje tukunna ya san matsayinsa, kuma samun ciwon hanta B ba ya hana mutum kwasar shara ko wanki, ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko zama tare. In kuma wajen likitan kamfanin za ka yi, kafin ka miƙa hannu ka tambaye shi ƙarara: wane gwaji za a yi da jinin nan, me za ka rubuta wa ofis, wa ke riƙe da makullin fayil. Karanta takardar kafin ka sa hannu, ka nemi kwafin sakamakonka. Kar ka yarda a yi maka gwajin HIV ko wani daban a ɓoye da sunan na hanta.

Batun tilastawa ya danganta da dokar ƙasa da abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki. Babu mai ikon danne ka ya yi maka allura, amma a wurare da yawa kamfani na iya cewa wanda bai yi ba ba zai taɓa aiki kaza ba. Lokacin korona an ga kowane iri. Faransa ta wajabta wa ma'aikatan lafiya allurar korona daga Satumban 2021, aka dakatar da waɗanda suka ƙi ba albashi, sai a 2023 aka maido su. Kotun ƙolin Amurka a Janairun 2022 ta dakatar da dokar da ta shafi kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye amma ta bar ta ma'aikatan asibiti. Ingila ta shirya yi wa ma'aikatan asibitocinta sai ta fasa. Aikin da ke taɓa jini dai an fi ba mai kamfani gaskiya a kansa.

Takunkumi kuma ni inaga ba ƙin sawa ya kamata ku yi ba, rigimar ku ita ce a ba ku mai kyau. Shuɗin nan na asibiti yana tare fantsama amma gefensa a buɗe yake, irin wanda ake kira N95 ne ke tace aƙalla kashi 95 na ƙananan ƙwayoyi, shi ma sai ya manne a fuska, gemu yana hana shi zama daidai, in ya jiƙe da zufa a canza. Kamfani ne zai saya ba ku ba, har da safar hannu mai kauri, yarjejeniyar ILO mai lamba 155 ta 1981 ta ce kayan kariya a kan mai kamfani suke. Mai asma ko wanda yake jin numfashi na sarƙewa ya kawo takardar asibiti a duba masa.

Ku haɗu ku rubuta takarda ɗaya ta hannun ƙungiya ko wakilinku, ku nemi a amsa muku a rubuce abin da likita zai miƙa wa ofis da kuma ko za a karɓi katin waje. Kafin a gama wannan ja-in-jar in allura ta soki wani a cikinku, ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya tafi asibiti a ranar, maganin kariyar HIV cikin awa 72 ake fara shi, na hanta kuma an fi so cikin awa 24.