Tambayi Likita: Wa ya share fagen dashen zuciya da huhu?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗalibar aikin jinya ce. Kullum Barnard ake ambata idan ana zancen dashen zuciya. Shi kaɗai ne ya yi wannan aiki? Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya ne Christiaan Barnard ne ya fara dasa wa mutum zuciyar wani, a Afirka ta Kudu a 1967, amma majinyacin kwana 18 kacal ya yi.

Ni wanda nake jinjina wa shi ne Norman Shumway na Jami'ar Stanford a Amurka. Shekaru ya shafe yana gwaji a kan karnuka tare da Richard Lower, har suka tsara yadda ake ɗinke zuciyar a sabon ƙirji. Daga baya likitoci da yawa suka janye, domin garkuwar jiki tana yaƙar baƙuwar zuciya, majinyata suna ta mutuwa. Shi bai janye ba. Ya ci gaba da binciken yadda za a gano wannan yaƙi da wuri, kuma wannan juriya tasa tana taɓa ni ƙwarai. A sashensa ne Bruce Reitz ya yi nasarar dasa wa wata mata zuciya da huhu tare a 1981, da taimakon maganin cyclosporine mai lafar da garkuwar jiki.

Ki kuma nemi tarihin Magdi Yacoub, ɗan Masar da ya yi fice a asibitin Harefield na Ingila, wanda ya kafa cibiyar zuciya a Aswan a 2009.