Mutanen Maya ba su ce za a tashi duniya a 2012 ba

Malam, ka tambaya ko da gaske mutanen Maya, tsohuwar al'ummar yankin Amurka ta Tsakiya, sun yi hasashen tashin duniya a 2012. Ko kusa. Ranar 21 ga Disamba 2012 wani dogon zagaye na kalandarsu ne ya cika, kimanin shekara 5,125. Kamar mitar mota ce: lambobi su cika su koma sifili, mota kuwa tana ta tafiyarta. A Palenke, tsohon birninsu da ke ƙasar Meziko, har akwai rubutun dutse da ya hango shekarar 4772. Mai jiran tashin duniya ina ruwansa da wannan lissafi?

Batun da ake cewa wai sun ɓace kuma, birane irin su Tikal ne daji ya cinye. Jikokinsu miliyoyi suna nan a Guatemala, suna noman masara, suna magana da harsunansu.