Kafin ka kama sitiyari a Saudiyya, ka san Sahir

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce an samo maka bizar direban gida a Riyad, amma wasu sun tsorata ka da cewa kyamarorin titi na nan ƙarya suke yi, suna ɗora wa baƙo tarar laifin da bai yi ba har albashin wata ya tafi. Kana tambaya ko haka ne, kuma in an zalunci mutum ina zai kai kukansa.

Albashi yana tafiya kam, na ga waɗanda abin ya faru da su. Sai dai galibi ba ƙaryar kyamara ce ke cinye shi ba.

Sunan tsarin Sahir. A 2010 aka fara shi a Riyad, daga baya ya bazu ko'ina. Akwai kyamarorin da aka kafa a gefen titi da wajen danja, akwai kuma na tafi-da-gidanka, yau a nan gobe a can. Na'urar tana auna gudun mota, ta ɗauki hoton lamba, a duba sunan da ke kan motar a wajen Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, sai kawai saƙo ya shigo waya. Babu ɗan sandan da zai tsayar da kai, balle ka ce "a yi haƙuri, yallaɓai" kamar yadda muka saba a gida.

Tarar gudu tana farawa daga riyal 150, tana hawa gwargwadon yadda ka wuce ƙa'ida har ta kai 2,000. Riƙe waya kana tuƙi daga 500 ne zuwa 900, rashin ɗaura bel daga 150 zuwa 300, kuma duk kyamara na kama su. Wadda nake so ka ji tsoronta ita ce ta tsallake jan danja, daga 3,000 zuwa 6,000. Ka ɗora wannan a kan albashin da aka yi maka alkawari, za ka gane abin da nake nufi.

A kan gudu, shawarata ita ce ka ɗauka na'urar daidai take. Yawancin 'yan'uwanmu da ke rantsuwa cewa ba su yi gudu ba, da gaske suke, ba su ji a jikinsu sun yi ba. Titunan nan faɗi gare su, sumul, motar sabuwa ce, gilashi a rufe, sai ka kai 130 kana ji kamar 90 kake. Tun 2018 wasu manyan hanyoyi an yarda a yi 140 a kansu, sai mutum ya saba, ya shigo gari ko wajen da ake aikin titi, allo ya sauko da gudun bai lura ba. Nan ne ake kama mutane. In mai gida ko uwargida na gaggawa suna cewa ka taka, ka ba su haƙuri da ladabi, ka nuna musu allon.

Kuskuren da ake samu na gaske a wani wuri yake. Akan karanta lamba ba daidai ba, musamman in ta yi ƙura ko ta lanƙwashe. Akan samu wani ya liƙa lambar jabu irin taka, sai tara ta zo maka daga garin da ba ka taɓa takawa ba. Akwai kuma wanda ya sayar da mota ba a sauya suna a istimara ba, wato takardar rajistar mota, sabon mai ita na ta gudu, tsohon na ta biya.

Amma abin da ya fi cutar da direbobinmu shi ne tafwid, wato izinin da mai mota ke ba ka ta Abshir, manhajar gwamnati ta intanet, cewa kai ne ke tuƙa ta. Da zarar an yi shi, laifin da motar ta yi a kan iƙamarka, wato katin izinin zamanka, zai sauka. Kyamara ba ruwanta da wanda ke bayan sitiyari. Na san wani bawan Allah a Jidda da yaran gidan da yake aiki ke ɗaukar motar da dare bayan ya kwanta, tarar kuma tana taruwa da sunansa. Bai farga ba sai da ya tashi tafiya gida, aka ce ba zai samu bizar fita ta ƙarshe ba sai ya biya. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin nan bai taka dokar kowa ba. Saboda haka tun ranar farko ka tambayi kafilinka, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, cikin girmamawa, wa ke biyan tara, kuma wa da wa ke taɓa motar bayan kai. In za ka tafi hutu, ka tabbatar an soke tafwid ɗin. Asusunka na Abshir kuma ya kasance da lambar wayarka ce, ba ta mai gida ba, don saƙo ya riƙa zuwa hannunka.

In tara ta zo kana da yaƙinin ba taka ba ce, akwai ƙofar ƙorafi a cikin Abshir ɗin, suna ce mata i'itirad. Kwana 30 gare ka daga ranar da aka rubuta laifin, kada ka bari su wuce kana jiran wani ya raka ka ofis. Ka duba rana da lokaci da wurin da aka ce abin ya faru, ka zaɓi laifin, ka rubuta dalilinka gajere. "Wallahi ban yi gudu ba" ba zai fisshe ka ba. Abin da ke aiki shi ne hujja: motar tana gareji a ranar ga rasit, ko kana ƙasar waje ga hatimin fasfo, ko an riga an cire ka daga tafwid kafin wannan lokaci. In Larabcinka bai nuna ba, ka nemi ɗaya daga cikin yaranmu da aka haifa a nan ya rubuta maka. Amsa ta waya za ta zo. In ba a karɓa ba, ka biya ta Sadad, tsarin biyan kuɗi ta banki, da wuri, kada ka bar ta ta kwana maka.

Za ka ji ana cewa ka ƙyale, ai gwamnati na yin ragi. Gaskiya ne a watan Afrilun 2024 an yafe rabin tarar da ta taru a kan mutane, na wani ƙayyadadden lokaci, amma wannan alfarma ce, ba abin da za ka gina lissafinka a kai ba ne.

Lasisinka na Najeriya ma ba zai daɗe yana yi maka aiki ba, sai ka yi na nan bayan iƙama ta fito. Ka tambayi wanda ya samo maka bizar wa zai biya kuɗin makarantar tuƙi, ka turo mini hoton kwantiragin in duba maka kafin ka sa hannu. Ka gaida su Inna.