Ɗan dako da buhu a ka: aiki yake yi ko wahala yake sha?

Tambaya: Malam, malaminmu na fiziks ya ce ɗan dakon da ya tsaya cik da buhu a kansa ba aiki yake yi ba, ko da zai wuni a haka. Ashe wannan bai ci karo da ma'anar kalmar aiki ba? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗana, malaminku bai yi kuskure ba, kai ma da ka ji abin banbarakwai kunnenka lafiya lau yake. Masana kimiyya sun ari kalmar kowa da kowa ne suka ƙuntata ta, kuma ana danganta wannan da wani Bafaranshe mai suna Coriolis, wanda ya yi amfani da kalmar aiki ta harshensu da wannan ma'ana a littafinsa na 1829. A wurinsu, ba a ce an yi aiki ba sai ƙarfi ya gusar da abu zuwa inda yake tura shi, sannan a ninka yawan ƙarfin da nisan da abin ya gusa. Idan ɗan dako ya cicciɓi buhun siminti mai kilo 50 daga ƙasa ya ɗaga shi tsayin mita ɗaya da rabi, ya yi aikin da ya kai kimanin jul 735, ma'aunin da aka raɗa wa sunan James Joule, mutumin Ingila da ya rasu a 1889. Da zarar buhun ya zauna a ka, nisan ya zama sifili, kuma duk abin da aka ninka da sifili ya tashi a tutar babu.

Gumin da yake yi kuwa gaskiya ne, domin zaruruwan tsokarsa suna ta ɗamewa suna saki don kada buhun ya rinjaye shi, abincin da ya ci yana ƙonewa ya koma zafi, alhali buhun bai ƙaru da komai ba. Bahaushe yana da sunan wannan tun kafin a buɗe makarantar boko: wahala. Shi ya sa ake yi wa mutum sannu da aiki, a kuma yi masa sannu da wahala, kuma mai kunne ya san ba gaisuwa ɗaya ba ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu magana a yau suka jibge komai a kan "ɗauka". Hausa ta bambanta ɗagawa da riƙewa, ta ware cicciɓawa ga abu mai nauyi da ake raba shi da ƙasa da ƙyar, kinkima ga tafiya da shi ana nishi, saɓawa ga kafaɗa, goyo ga baya, tallabewa ga tare abu ta ƙasa don kada ya faɗi. Da malamai za su ce mai ɗagawa da mai cicciɓawa sun yi aiki, mai riƙewa da mai tallabewa ba su yi ba, da rabin ruɗanin ajin ya kau. Haka kuma ina roƙon masu fassara su daina kiran abin da ke janyo buhun ƙasa "maganaɗisun ƙasa", domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan siminti ko gero. A ce jan ƙasa ya wadatar.

Tambaya: "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ake cewa, ko "ba ya ɗaga jinka"? (Wata malama daga Maraɗi)

Amsa: Malama, "ɗaukar" muka gada, kuma ba a yi wa karin magana kwaskwarima don a faranta wa masana kimiyya. Sai dai ki lura cewa ko mutum huɗu ne suka ɗora jinkar a kan ɗaki ko goma, aikin da aka yi mata ɗaya ne, tunda nauyinta da tsayin ɗakin ba su sauya ba. Abin da yawan hannu ya rage shi ne rabon kowa daga nauyin.

Tambaya: Me ake nufi da "aikin baban giwa"?

Amsa: Faman da aka sha ba a ga amfaninsa ba.

Tambaya: Gammo yana rage nauyin kaya?

Amsa: A'a, shimfiɗa nauyin yake yi a faɗin kai don kada ya danne wuri ɗaya, kilo 50 kuwa yana nan yadda yake.