Wa Ke Gadin Tsuntsaye Idan Suna Kiwo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina lura da yadda tsuntsaye kan sauka da yawa suna tsintar abinci, kowanne kansa a ƙasa, sai farat ɗaya su tashi baki ɗaya tun kafin ni kaina in hango abin da ya firgita su. Shin akwai shugaba a cikinsu da ke ba da umarni ne, ko kuwa dukansu suke ganin shahon a lokaci guda?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. A yawancin tsuntsaye babu shugaban da ke ba da umarni, kuma ba dukansu ne ke ganin shahon ba. Ɗaya ko biyu ne kan gani, sauran kuwa tsoron da suka gani a jikin maƙwabtansu ne ke tashinsu.

Matsalar tsuntsu ita ce bakin da yake ci da shi da idon da yake tsaro da shi duk a kai ɗaya suke, saboda haka duk lokacin da ya sunkuya ya rage ganin sama, duk lokacin da ya ɗaga kai kuma ya bar ci. Shiga cikin taro ne ke sauƙaƙa masa wannan tsaka mai wuya. A shekarar 1973 wani masani ɗan Amurka, Ronald Pulliam, ya nuna da lissafi cewa idan idanu suka yi yawa, kowane tsuntsu zai iya rage dube-dube ba tare da tsaron taron ya yi rauni ba. Brian Bertram ya ga hakan a zahiri a kan jiminu a ƙasar Kenya, a binciken da ya wallafa a 1980: jimina takan rage ɗaga kai idan tana cikin 'yan uwanta, amma duk da haka lokacin da ake samun aƙalla kai ɗaya a sama ya fi yawa. Ya kuma lura cewa ba karɓa-karɓa suke yi ba, kowace tana ɗaga kai ne sa'ad da ta ga dama. A Ingila kuwa, Robert Kenward ya yi ta sakin horarren shaho a kan kurciyoyin daji, ya ruwaito a 1978 cewa shahon ya fi samun sa'a a kan wadda take ita kaɗai, domin babban taro kan hango shi tun daga nesa.

Yadda tsoron ke yaɗuwa shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Wasu masana a birnin Rum sun ɗauki hotunan dubban tsuntsayen da ke shawagi a sararin birnin da yamma, suka auna matsayin kowanne da kwamfuta, suka bayyana a 2008 cewa kowane tsuntsu yana bin motsin maƙwabtansa shida ko bakwai ne kawai, ko suna dab da shi ko sun ɗan yi nisa. Idan shaho ya kawo sura daga gefe, na bakin gefen sai su karkata, na kusa da su su bi, har karkatar ta ratsa taron kamar igiyar ruwa, ta isa ga waɗanda ba su ga komai ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma tsuntsu ba ya jira sai ya ga wutar da idonsa.

Akwai kuma murya. Tun a 1955 Peter Marler ya lura cewa ƙananan tsuntsaye iri daban-daban suna da wani siririn kuka na gargaɗi mai kama da juna, wanda yake da wuya a gane daga inda ya fito, don haka mai gargaɗin ba ya tona asirin maɓoyarsa. Wata kurciya mai tukku a Ostireliya ma ba ta buƙatar buɗe baki, domin wani siririn gashi a fiffikenta ne ke yin fito idan ta tashi a firgice, sauran su ji su watse.

Sai dai tashi yana da tsada, domin ana asarar ƙarfi ana kuma barin abinci, shi ya sa tsuntsaye ba sa bin duk wanda ya tashi. Tashin guda ɗaya sau da yawa ba ya wuce sa su ɗaga kai, amma idan biyu ko uku suka zabura tare, taron kan bi. Akwai ma masu cin riba da wannan amana. A hamadar Kalahari, Tom Flower ya nuna cewa wani baƙin tsuntsu mai tsagaggiyar wutsiya yakan yi gargaɗi na gaskiya, amma wani lokaci ya yi na ƙarya, har da kwaikwayon kukan wasu halittu, domin su yar da abincinsu ya ɗauke.

Tsoro kuma abin koyo ne. A 1978 Eberhard Curio a Jamus ya nuna mujiya ga wani tsuntsu, maƙwabcinsa kuma aka nuna masa wani tsuntsu marar cutarwa wanda bai taɓa gani ba. Da na biyun ya ji hayaniyar da na farko ke yi saboda mujiyar, sai ya ɗauki baƙon a matsayin abokin gaba, daga baya kuma ya koya wa wasu. A ganina wannan ne gwaji mafi nauyi a cikinsu, domin ya nuna cewa tsoro na iya wanzuwa a cikin taro ko da tushensa kuskure ne.

Zatonki game da shugaba bai faɗi ƙasa ba gaba ɗaya, domin akwai masu mai gadi. Wasu tsuntsaye masu zama iyali-iyali a kudancin Afirka suna da wanda kan hau reshe yana yin wani ɗan kuka a hankali, alamar lafiya lau, sauran suna kiwo a ƙasa.

TAMBAYA: Malam, to da dare fa, idan barci ya ɗauke su duka?
Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ba duka barci ke ɗaukewa ba, ɗalibi. Tsuntsaye na iya barci da rabin ƙwaƙwalwa, ɗaya rabin yana farke da ido ɗaya a buɗe. Niels Rattenborg ya jera agwagi huɗu a 1999, ya ga na tsakiya sun fi rufe idanu biyu, na gefe kuwa sun fi barin ido ɗaya a buɗe, kuma mafi yawan lokaci idon da ke kallon waje ne, ɓangaren da babu ɗan'uwa da zai kare su.